Ziyarar Gidan Adana Zane-zanen Zamani a Ƙasar Waje da Dabarun Nazarin Zane Ido da Ido

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A da, wanda bai je wuri ba sai dai ya ji labarinsa daga bakin matafiya. A yau kuwa al'amarin ya sauya, domin kusan duk wani shahararren zane da ke duniya ana iya ganin hotonsa a littafi ko a fuskar wayar hannu ba tare da an ɗaga ƙafa ba. Wannan ya sa mutane da dama suke ɗauka cewa wanda ya ga hoton zane ya ga zanen, don haka babu dalilin kashe kuɗi da lokaci a je a tsaya a gabansa. Wannan darasi zai nuna cewa ganin hoton zane ya fi kusa da jin labari a kan ganin ido. Zane abu ne mai jiki, yana da girma da kauri, kuma launinsa yana sauyawa gwargwadon haske da tazarar mai kallo. Hoto ba ya iya ɗauko waɗannan abubuwa duka.

An ɗauki gidan Tate Modern da ke birnin Landan a matsayin misali, saboda shahararsa da kuma kasancewar ayyukan masu zane na Afirka a cikinsa. Dalilin kawo wannan batu cikin kwas na Hausa shi ne, nazarin zane aiki ne na ido da harshe a tare. Mai kallo ba ya tabbatar da abin da ya gani sai ya iya faɗarsa da kalmomin da suka dace. Wannan ƙwarewa ita ce malamin Hausa yake ƙoƙarin dasa wa ɗalibansa a darasin insha'in siffantawa da kuma nazarin adabi.

1.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:
(a) bayyana ma'anar gidan adana zane-zanen zamani;
(b) kawo bambance-bambancen da ke tsakanin zane da hotonsa;
(c) bin matakai huɗu na nazarin zane;
(d) amfani da kalmomin launi na Hausa wajen siffanta zane;
(e) tsara darasin siffantawa ta amfani da abin da ɗalibai za su gani da idonsu.

2.0 Ma'anar Gidan Adana Zane-zanen Zamani

Gidan adana zane-zane wuri ne da ake tara ayyukan masu fasaha, a kula da lafiyarsu, a yi bincike a kansu, sannan a baje su domin jama'a su kalla. Ya ɗan sha bamban da gidan tarihi irin Gidan Makama na Kano, inda ake ajiye kaya musamman domin su zama shaida a kan rayuwar mutanen da suka gabata. A gidan zane-zane, aikin kansa shi ne abin da aka zo kallo.

Masana tarihin fasaha sun kasa ayyukan zamani gida biyu. Kashi na farko ya ƙunshi ayyukan da aka yi daga wajen shekarun 1860 zuwa shekarun 1960. A wannan tsakani ne masu zane na Turai suka fara barin kwaikwayon surar abu kamar yadda ido yake ganinsa. Ɗaya daga cikin dalilan haka shi ne bayyanar na'urar ɗaukar hoto a 1839, wadda sannu a hankali ta karɓe aikin kwaikwayon sura daga hannunsu. Kashi na biyu kuwa shi ne ayyukan da aka yi daga wajen shekarun 1960 zuwa yau. Gidaje da yawa sukan haɗa kashin biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ta fuskar kama, zane iri biyu ne. Akwai mai kamanci, wanda ake gane mutum ko dabba ko wuri a cikinsa. Akwai kuma maras kamanci, wanda ya dogara ga launi da layi da siffa kawai. Nau'i na biyu shi ya fi ɗaure wa baƙo kai, har yakan ce ko yaro zai iya yin haka. Sai dai idan aka lura, wannan nau'i ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Dagi da zanen bangon gidajen Kano da Zariya, da zayyanar allo, da sassaƙar ƙwarya, duk ba kwaikwayon sura suke yi ba. Mai sayen riga aska takwas ba ya tuhumar maɗinki don askar ba ta yi kama da ta wanzami ba. Abin da yake dubawa shi ne tsari da daidaito da ingancin aiki. Da irin wannan ido ne ya kamata a shiga gidan zane-zanen zamani.

3.0 Gidan Tate Modern a Taƙaice

Gidan Tate Modern yana gaɓar kudu ta Kogin Thames, daura da majami'ar St Paul, kuma akwai gadar masu tafiya a ƙasa da ta haɗa su. Asalin ginin tashar samar da wutar lantarki ce mai suna Bankside, wadda Giles Gilbert Scott ya tsara, aka gina ta kashi biyu tsakanin 1947 da 1963, aka kuma rufe ta a 1981. Wasu masu tsara gine-gine 'yan ƙasar Suwizalan, Herzog da de Meuron, su ne suka mayar da ita gidan zane-zane, aka buɗe shi a watan Mayu na 2000. An bar bututun hayaƙin tashar mai tsayin mita 99 a inda yake. A 2016 aka buɗe ƙarin wani sabon gini a bayan tsohon.

Babban zauren da injinan tashar suke a da, wanda ake kira Turbine Hall, tsayinsa mita 35 ne, tsawonsa kuma ya haura mita 150. A nan ake baje manyan ayyukan da ba za su shiga ɗaki ba. Alal misali, daga Oktoba 2023 zuwa Afrilu 2024 an rataye aikin El Anatsui, ɗan ƙasar Gana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, wanda ya haɗa da dubban marafan kwalabe da aka ɗinke da waya.

Gidan yana ɗaya daga cikin gidaje huɗu masu ɗauke da sunan Henry Tate, wani attajirin sukari da ya ba da kuɗin gina na farkonsu, wanda aka buɗe a 1897. Ayyukan da aka tara a Tate Modern sun faro daga wajen 1900. Shiga ɗakunan kayan gidan kyauta ne, amma akan biya kuɗi idan za a kalli nuni na musamman. Abin lura a nan shi ne, ba duk kayan gidan ake bajewa a lokaci guda ba. Akan sauya su, akan kuma ba wasu gidaje aro. Saboda haka wanda ya yi niyyar ganin wani zane na musamman, ya kyautu ya duba shafin gidan na intanet kafin ya kama hanya.

4.0 Abubuwan da Hoto Ba Ya Ɗaukowa

4.1 Girma

A fuskar waya, kowane zane bai wuce tafin hannu ba. Zanen Pablo Picasso mai suna Weeping Woman, wato Mace Mai Kuka, tsayinsa kimanin santimita 61 ne, faɗinsa kuma 50, ke nan bai fi ƙaramar taga ba. Shi kuwa aikin Henri Matisse mai suna The Snail, wato Dodon Koɗi, ya kusa mita uku a tsaye, haka kuma a kwance. A littafi ana iya buga su a shafi ɗaya da girma ɗaya, alhali a zahiri na farko yana jawo mai kallo ya matso kusa kamar mai sauraren raɗa, na biyu kuma yana sa shi ya ja da baya ya ɗaga kai. Mai zane da gangan yake zaɓar girman aikinsa, don haka girman wani ɓangare ne na saƙon.

4.2 Fuskar Zane

Hoto a shafe yake, amma fuskar zane tana ɗauke da sawun hannun wanda ya yi shi. Matisse ya yi Dodon Koɗi a 1953 a birnin Nice na Faransa, yana da shekara 83, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Tun bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 ƙarfinsa ya ragu, har tsayuwa gaban ƙyallen zane ta zama masa wahala. Sai ya koma amfani da almakashi. Mataimakansa sukan shafa wa takardu fenti, shi kuma ya yanka su, ya nuna inda za a kafa kowace. Wanda ya tsaya a gaban aikin zai ga sawun buroshi a jikin takardun, ya ga gefen da aka yanka da wanda aka yaga, ya kuma ga inda wata takarda ta hau kan wata. Idan ya ja baya sai ya lura cewa gutsattsarin sun jeru ne a murɗe kamar ƙoƙon dodon koɗi. A hoto kuwa, abin da ake gani bai wuce murabba'ai masu launi ba, waɗanda za a zaci na'ura ce ta buga su.

4.3 Launi da Haske

A 1958 aka ba Mark Rothko, mai zane ɗan Amurka, aikin yin manyan zane-zane domin wani gidan cin abinci na masu hali a benen Seagram da ke birnin New York. Ya yi kusan guda 30, amma daga baya ya fasa ba da su, ya mayar da kuɗin da aka biya shi, saboda ya ga wurin bai dace da su ba. Ya ba gidan Tate kyautar guda tara, waɗanda suka isa Landan a ranar 25 ga Fabrairu, 1970, ranar da ya rasu. An daɗe ana nuna su a ɗaki guda a Tate Modern, ko da yake akan kai su wasu gidaje lokaci zuwa lokaci.

A hoto, kowane ɗaya daga cikinsu fili ne ja mai duhu, da wata siffa baƙa ko ja mai kama da ƙofa ko taga a tsakiya. A zahiri kuwa, Rothko ya shafa fenti ne siriri-siriri, wani bisa wani, yana gauraya fentin mai da ƙwai da ƙaro. Saboda haka wani wuri yana sheƙi, wani kuma ya dushe, launin ƙasa yana leƙowa ta cikin na sama. Ya so a rataye su ƙasa-ƙasa cikin haske maras ƙarfi. Wanda ya shiga irin wannan ɗaki da farko ba ya ganin komai sai duhu. Bayan 'yan mintoci, idan idonsa ya saba, sai launuka su fara rarrabuwa, gefen siffofin ya zama kamar yana motsi. Na'urar ɗaukar hoto tana kama haske ɗaya ne a lokaci ɗaya, don haka ba ta iya nuna wannan sauyi.

4.4 Tazara

Hoto yana tsayar da mai kallo a wuri guda, wato inda mai ɗaukar hoton ya tsaya. A gaban zane kuwa, mutum yana da ikon matsawa kusa, ya ja baya, ya koma gefe. Daga nesa ake ganin tsarin aikin gaba ɗaya. Daga kusa ake ganin yadda aka yi shi. Daga gefe kuma ake gane tudu da kwarin fenti. Mai nazari na ƙwarai yakan gwada waɗannan matsayai uku kafin ya ce komai.

4.5 Lokaci

A wani bincike da Jeffrey Smith da Lisa Smith suka wallafa a 2001, wanda suka gudanar a gidan Metropolitan na New York, sun gano cewa matsakaicin lokacin da mai ziyara yake ɗauka a gaban shahararren zane bai wuce daƙiƙa 27 ba. Da aka sake irin binciken a birnin Chicago, aka wallafa a 2017, sakamakon bai kai daƙiƙa 29 ba. Ke nan mutum yana iya ƙetare teku ya je gaban zane, amma ya dawo bai fi wanda ya ga hotonsa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Farfesa Jennifer Roberts ta Jami'ar Harvard ta shahara da umartar ɗalibanta su zauna awa uku a gaban aiki guda kafin su fara rubutu a kansa. Ba lallai ne kowa ya kai awa uku ba, amma minti goma a gaban zane ɗaya ya fi amfani a kan zagaye ɗakuna ashirin a guje. Haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse.

5.0 Matakan Nazarin Zane

A 1970 wani malamin koyar da fasaha ɗan Amurka, Edmund Feldman, ya shimfiɗa matakai huɗu da suka samu karɓuwa a makarantu. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya tare da zanen Mace Mai Kuka a matsayin misali.

Mataki na farko shi ne siffantawa. A nan mai nazari zai lissafa abin da idonsa ya gani kawai, ba tare da yabo ko kushe ba. Zai ce ga kan mace da kafaɗunta, tana sanye da jar hula mai shuɗin fure. Fuskarta ta haɗa rawaya da kore da shunayya. Ta kai hankici bakinta da yatsunta, haƙoranta a waje. Wajen baki da haɓa launin ya koma fari da shuɗi-shuɗi. An zagaye kowace siffa da baƙin layi mai kauri.

Mataki na biyu shi ne feɗewa, wato duba yadda sassan suke hulɗa da juna. Mai nazari zai lura cewa layukan tsakiyar fuskar masu kaifi ne kamar fasasshen gilashi, alhali na gashin kanta a kwance suke. Zai lura cewa an nuna fuskar ta gaba da ta gefe a lokaci guda. Haka kuma zai ga cewa launuka masu ƙarfi suna kewaye, wurin da launi ya ɗauke kuwa shi ne tsakiya, kuma can ido yake komawa ko da ya yi yawo.

Mataki na uku shi ne fito da ma'ana. A nan ne ake neman taimakon tarihi. A ranar 26 ga Afrilu, 1937, lokacin yaƙin basasar Sifaniya, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi ruwan bama-bamai a garin Guernica. Picasso ya yi wani ƙaton zane mai sunan garin, wanda yake birnin Madrid, kuma a cikinsa akwai mace tana kururuwa riƙe da gawar ɗanta. Bayan ya gama shi ya ci gaba da zana mata masu kuka, har ya kammala wannan a watan Oktoba na shekarar. Da wannan bayani mai nazari zai iya cewa an farfasa fuskar ne domin a nuna yadda baƙin ciki yake wargaza mutum, kuma ɗaukewar launi a wajen baki tana nuni da yadda jini yake barin fuskar wanda ya kaɗu. Sharaɗi a nan shi ne, duk ma'anar da aka kawo dole a nuna hujjarta a jikin zanen.

Mataki na huɗu shi ne yanke hukunci. Tambayar da ake amsawa ita ce, shin aikin ya cim ma abin da ya nufa? Wannan dabam take da tambayar ko mai kallo yana son ya rataye shi a ɗakinsa. Mutum yana iya ƙin zane, amma ya yarda cewa ya isar da saƙonsa.

Ɗalibin Hausa zai ga kusancin waɗannan matakai da hanyar feɗe waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, inda ake duba jigo, da zubi da tsari, da salo. Bambancin shi ne, a waƙa kalmomi sukan furta jigo tun da wuri, shi kuwa zane ba ya magana, don haka sai an bi ta tsari da salo kafin a kai ga jigo. Babban kuskuren mai koyo shi ne tsallakawa zuwa mataki na huɗu tun daga bakin ƙofa.

6.0 Kalmomin Launi a Hausa

Matakin siffantawa ba ya yiwuwa sai da wadatar kalmomi, kuma Hausa tana da hanyoyi aƙalla huɗu na fayyace launi. Hanya ta farko ita ce sifofi na asali, irin su ja da baƙi da fari da shuɗi da kore. Ta biyu ita ce jingina launi ga wani sanannen abu ta amfani da kalmar ruwa, kamar ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ruwan zuma da ruwan hanta. Ta uku ita ce ƙarfafawa da amsa-kama, kamar ja wur, baƙi ƙirin, fari fat da kore shar. Ta huɗu ita ce sassautawa ta hanyar ninki, kamar ja-ja, baƙi-baƙi da shuɗi-shuɗi.

Idan aka ce zanen Rothko ja ne da baƙi, ba a yi ƙarya ba, amma ba a faɗi komai ba. Wanda ya tsaya ya duba zai iya cewa filin ruwan hanta ne, yana komawa ruwan makuba daga gefe, siffar tsakiya kuma baƙa-baƙa ce ba baƙa ƙirin ba, domin ja yana leƙowa ta ƙarƙashinta. Neman kalmar da ta dace shi ke tilasta wa ido ya sake dubawa. Haka nan akwai kalmomin da ke bayyana fuskar abu, irin su santsi, kaushi, sheƙi da dushewa, da masu bayyana layi, irin su miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, murɗaɗɗe da karkatacce.

7.0 Ayyukan 'Yan Afirka a Gidan

A 2013 Tate Modern ya shirya babban nuni na ayyukan Ibrahim El-Salahi, wanda shi ne karo na farko da gidan ya yi wa wani mai zane ɗan Afirka nuni na tsawon rayuwar aikinsa. An haifi El-Salahi a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade ta Landan a shekarun 1950. Da ya koma gida sai ya tarar mutanensa ba su damu da zane irin na Turai da ya koyo ba. Wannan ya sa ya koma ga rubutun Larabci da adon allo da ya tashi a cikinsu, ya riƙa warware haruffa yana fitar da surori daga cikinsu. Gidan ya mallaki wani babban aikinsa da ya yi tsakanin 1961 da 1965 a kan yadin auduga saƙar hannu na Sudan, inda ake ganin dogayen surori masu fuska kamar ta dodo, da siffar jinjirin wata, da layuka masu tafiya irin ta alƙalami. Wanda ya taɓa riƙe allo da tawada yana da mabuɗin wannan aiki da Bature da yawa ba su da shi.

Har wa yau, a watan Oktoba na 2025 gidan ya buɗe wani nuni na musamman a kan fasahar zamani ta Nijeriya. Cikin waɗanda aka nuna ayyukansu akwai Ben Enwonwu, da Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta yake jikin takardar naira ashirin, da kuma 'yan ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ɗalibai ne suka kafa wannan ƙungiya a 1958 a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce haɗa dabarun da suka koya a aji da fasahar al'ummominsu.

8.0 Ladubban Ziyara

Doka ta farko ita ce ba a taɓa zane, domin gumi da maiƙon hannu suna lalata fenti. Akan ja layi ko igiya a ƙasa, kuma ba a ƙetarewa. Girman ɓarnar da hannu ɗaya zai iya yi ya bayyana a watan Oktoba na 2012, lokacin da wani mutum ya yi rubutu da tawada a jikin ɗaya daga cikin zane-zanen Rothko. Sai da masu gyara suka shafe wata 18 suna aiki kafin a mayar da shi bango a 2014. Bayan wannan, ba a kunna fitilar kamara, ba a ɗaga murya, ba a kuma tare wa wasu gaba. Ya fi kyau a yi rubutu da fensir maimakon biro.

Ta fuskar tsara ziyara, ya kamata mai nazari ya zaɓi ayyuka uku zuwa biyar ya ba su lokaci. Ya fara kallon zane kafin ya karanta 'yar takardar bayanin da ke gefensa, don kada bayanin ya riga idonsa. Takardar takan ƙunshi sunan mai zane, da sunan aikin, da shekara, da kayan da aka yi amfani da su. Malamin da zai jagoranci ɗalibai kuwa, wajibi ne ya riga su zagaya ɗakunan, domin wasu ayyuka suna nuna tsiraici ko abubuwan da ba su dace da shekaru da tarbiyyar yara ba.

9.0 Amfanin Darasin ga Malamin Hausa

Ba kowane malami ne zai samu damar zuwa Landan ba, amma dabarar kallo ba ta buƙatar fasfo. Malami yana iya kawo riga mai aiki, ko sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, ko allon zayyana, ya ajiye a gaban aji. Sai ya ba ɗalibai minti biyar su kalla shiru, sannan kowa ya rubuta jimloli goma na abin da ya gani, bisa sharaɗin ba za a yi amfani da kalmar kyau ko muni ba. Daga nan a bi sauran matakan uku. Idan kuwa hoton zane kawai ake da shi, malami ya auna ainihin girman zanen a bango da alli, domin ɗalibai su san abin da hoton ya ɓoye musu. Haka kuma ana iya kai ziyara gidan tarihi mafi kusa, ko sashen koyar da zane na kwaleji, ko wani tsohon gini mai ado.

Ribar wannan aiki ta wuce darasin insha'i. Yaron da aka koya wa ya faɗi abin da ya gani kafin ya faɗi abin da yake ji, an koya masa bambanta hujja da ra'ayi. Wannan tarbiyya za ta bi shi zuwa nazarin waƙa da zube da wasan kwaikwayo, har ma da yadda yake karɓar labarin da ya iske a waya.

10.0 Kammalawa

A wannan darasi an bayyana ma'anar gidan adana zane-zanen zamani, an kuma kawo taƙaitaccen tarihin Tate Modern. An nuna cewa girma da fuskar zane da launi da tazara da lokaci abubuwa ne da ba a samun su sai a gaban aikin kansa. An bi matakai huɗu na nazari, an kuma ga yadda kalmomin launi na Hausa suke taimaka wa ido. Zuwa gidan zane-zane kaɗai ba ya wadatarwa, sai an haɗa da haƙurin tsayawa da ƙoƙarin faɗar abin da aka gani daidai.

Auna Fahimta

1. Bambanta zane mai kamanci da maras kamanci, tare da misalai biyu daga fasahar Hausawa.
2. Kawo abubuwa huɗu da hoto ba ya ɗaukowa daga zane, ka yi bayanin biyu daga ciki da misalai.
3. Me ya sa ake jinkirta yanke hukunci zuwa mataki na ƙarshe?
4. Kawo hanyoyi huɗu na fayyace launi a Hausa, da misalai uku-uku.

Jinga

Zaɓi wani aikin ado da ke garinku, ka kalle shi na tsawon minti goma sha biyar, sannan ka rubuta insha'i mai shafi biyu a kansa bisa matakai huɗu da aka koya.